Yadda Za Ka Gane Ko Kangaye da Katangun Teburin Wasan Yaƙi Sun Cancanci Kuɗinsu

Duk mai wasan ƙananan sojoji a kan tebur, irin Warhammer 40,000 da kamfanin Games Workshop na Ingila ya fito da shi a 1987, ya san ba runduna kaɗai ke cin kuɗi ba. Fagen ma sai an gina shi: kangaye, katangu, tuddai, duwatsu, bishiyoyi. Mu da ke zaune a Jidda ko Makka ko Riyad, yawancin kayan nan daga Turai ko Amurka ake aiko mana su, shi ya sa farashin da ka gani a shafin mai sayarwa somin taɓi ne. Abin da ya kamata ka auna shi ne nawa kayan zai tsaya maka idan ya iso ƙofar gidanka, wane yanki na tebur zai rufe, kuma zai jure yanayinmu ko a'a.

Fara da tef ɗin awo, ka auna teburinka. Tun 2020, babban wasan Warhammer 40,000 ana buga shi ne a fili mai inci 44 a 60, wato kimanin santimita 112 a 152, yayin da ƙaramin wasan Kill Team, mai sojoji kaɗan, inci 22 a 30 ya ishe shi. Tsohon ƙiyasin 'yan wasa shi ne kayan fage su rufe akalla rubu'in tebur. Rubu'in babban filin nan murabba'in inci 660 ne. Idan gindin kango guda inci 6 a 8 ne, kana bukatar kusan 14 ke nan. To ka ga kwalin da ya burge ka mai gini uku bai kama ƙafar bukatarka ba, komai kyansa. Raba farashin kwali da faɗin filin da zai rufe, sai ka kwatanta shi da na wani kamfanin a kan wannan ma'aunin.

Na biyu, duba girma. Sojojin Warhammer tsakanin milimita 28 zuwa 32 suke, na wani wasan mai suna Flames of War kuwa milimita 15. Gidan da aka yi wa ɗaya ba zai yi wa ɗayan ba. Nemi hoton da aka tsayar da soja a bakin ƙofar ginin. In babu, ka tambayi tsayin ƙofar da tazarar da ke tsakanin hawa da hawa.

Daga nan sai ka tambayi kanka aikin da ginin zai yi a lokacin wasa, kuma a nan ne mutane suka fi barin ido ya ruɗe su. Amfanin kango shi ne ya tare gani, don kada manyan bindigogin abokin karawarka su share maka runduna tun a zagayen farko. Doguwar katanga mara taga, ko da ba ta da ado ko kaɗan, ta fi amfani a kan hasumiya mai zane-zane wadda ake hango komai ta cikinta. Ka duba ko hannunka zai shiga ciki ka ɗauko soja ba tare da ka ture sauran ba, ko rufin yana ciruwa, ko gindin soja zai zauna daram a kan tudun ba ya zame ba. Tudu mai santsi kamar bayan ƙwarya yana da kyau a hoto, amma soja ba ya tsayuwa a kansa. Wani abu kuma da ya shafe mu: gine-ginen Warhammer cike suke da ƙoƙon kai da mutum-mutumi a jikin bango. Idan ba ka son irin wannan a ɗakinka, ka faɗaɗa hoton ka duba tun kafin ka biya.

Sai batun abin da aka yi kayan da shi. Roba mai tauri irin ta Games Workshop tana da zane mai kyau da ƙarko, amma tana da tsada. Katakon MDF da ake yankawa da lesa, irin na Sarissa Precision da TTCombat, yana zuwa a shimfiɗe kamar faranti, kai za ka haɗa da gam ɗin katako. A ganina shi ya fi dacewa da wanda ke son cika tebur da kuɗi kaɗan. Sai dai yana shan danshi ya kumbura, kuma wanda ya zauna a Jidda ya san laimar bakin teku, don haka ka shafe shi da fentin share fage ciki da waje, har da gefen yankan. Resin, wato robar da ake zubawa a mazubi ta daskare, yana fitar da zane sosai, amma yana da nauyi, kuma in ya faɗo a kan tayil sai dai ka tsinci gutsuttsura. Na kwali, irin na Battle Systems, da launinsa yake zuwa, ba ka bukatar buroshi.

Wanda aka buga da na'urar 3D kuwa, ka tambayi irin zaren robar da aka buga shi da shi. Zaren PLA yana fara laushi a wajen digiri 60, kuma motar da aka bari a rana da azahar a tsakiyar zafin Riyad tana iya kaiwa haka. Ka bar kwalinka a bayan mota ka shiga masallaci ko cin abinci, ka dawo ka tarar katangar ta lanƙwashe, ba kuma ta komawa daidai. Zaren PETG ya fi jure zafi. Ka kuma nemi hoto na kusa: in ka ga layi-layi sun fito ɓaro-ɓaro a bango, fenti ba zai ɓoye su ba, ƙara fito da su ma zai yi.

Yanzu lissafin isowa. Riyal 3.75 ne dala ɗaya. A ce kayan dala 60 ne, riyal 225 ke nan. A ce kuɗin aikowa dala 40, ƙarin riyal 150. A kan jimillar 375 ɗin nan za a ɗora harajin VAT, wanda ya koma kaso 15 cikin ɗari tun watan Yulin 2020, sai abin ya kai wajen riyal 431, kusan ninki biyu na abin da ka gani da farko. Kamfanonin jigila kuma girman kwali suke dubawa, ba nauyi kaɗai ba: sukan ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita su raba da 5000. Kwali mai 50 a 40 a 30 za a caje shi a kilo 12, ko da soso ne a ciki. Wannan ne ya sa tuddai da duwatsun da aka riga aka haɗa ba sa cin riba a aiko su daga nesa. Su kam gara ka sayi allon soso da fentin akirilik a shagunan Jarir ko SACO ka sassaƙa da kanka. Haɗa oda da abokan wasa yana rage kuɗin aikowa, amma ku lura, kayan da suka haura riyal 1000 suna iya jawo kuɗin kwastan bayan VAT.

Kar ka manta da abin da ba a rubuta a kwali ba: gam, fentin feshi, buroshi, da lokacinka. Ginin da aka riga aka yi wa fenti mai kyau, ko ya ɗara sabo tsada, sau da yawa shi ne mai sauƙi idan ka haɗa duka.

Idan na hannu za ka saya, ta shafin saye da sayarwa na Haraj ko a wajen ɗan'uwa da ke rage kaya, ka nemi ganinsa ido da ido. Juya shi ka duba mahaɗa: farin hazo a gefe alama ce ta an zabga supa gulu. Fenti mai kauri da ya cike zanen tubali ya rage wa kayan daraja, ko da mai shi ya ce maka ya sha wahala a kansa. Ɗora shi a kan tebur ka danna kusurwa ɗaya. In ya girgiza, gindin ya karkace, sai ka rage tayinka gwargwadon aikin gyaran da ke gabanka, ka kuma ƙirga rufi da tsani da ƙofofi a gaban mai shi kafin ka tura kuɗin.