Yadda Ake Datse Fukafukan Ƙaramin Jirgin Spitfire na Roba

A shekarar 1941, lokacin da jirgin Jamus Focke-Wulf 190 ya fara fin Spitfire Mk V na Ingila saurin juyi a sama, sai daga baya aka riƙa cire bakin fukafukan wasu jiragen Spitfire domin su ƙara zafin nama idan suna tafiya ƙasa-ƙasa. Wanda ya sayi kwalin haɗa Spitfire na roba mai ma'aunin 1/72 (wato jirgin gaske ya ninka shi sau 72), irin na kamfanin Airfix, zai iya mayar da nasa wannan siffa ko da babu gajerun bakin a cikin kwalin. Abin da ake bukata shi ne ƙaramin zarto mai siririn haƙori, reza, salatif na takarda, gam na roba, fila (kwaɓin da ake cike rami da shi) da samfefa.

Da farko a wanke sassan da ruwan sabulu, a manne saman fiffike da ƙasansa, a bar gam ɗin ya kwana. Daga nan a nemo layin da za a yanka, kuma masana'anta ta riga ta zana shi, domin a jirgin gaske ma bakin fiffiken ɗaura shi ake yi. Layin yana daidai ƙarshen ɓangaren nan na bayan fiffike mai motsi, ta wajen bakin fiffiken. Faɗin jirgin gaske mita 11.23 ne, wato santimita 15.6 a wannan ma'auni, abin da za a cire kuwa kusan santimita 1 ne a kowane gefe.

A liƙa salatif a kan layin ya zama jagora, sannan a yanka kaɗan daga wajensa, a hankali, ba tare da danna zarton ba. A ganina nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace, domin abin da ya yi saura samfefa za ta cinye shi, amma abin da aka zarce da wuya ya dawo daidai. A auna fukafukan biyu daga tsakiya kafin a ci gaba.

Yankan zai bar ɗan rami tsakanin robar sama da ta ƙasa. A toshe shi da guntun roba, ko da daga sandunan da sassan suka zo a jiki ne, a sa gam na roba irin Tamiya Extra Thin, wanda yake narkar da robobin biyu su zama abu guda. Bayan ya bushe a shafa fila siriri-siriri, saboda tana motsewa idan ta bushe, kuma mai kauri takan lotsa bayan an yi fenti. A goge da jiƙaƙƙiyar samfefa mai lamba 400, sai 800, sai 1200, har bakin ya yi sumul, gabansa da ɗan kauri, bayansa siriri kamar sauran fiffiken. Layukan da gugar ta shafe a sake zana su da bayan reza.

A fesa fentin share fage mai ruwan toka, wanda zai tona duk wani karce ko rami. Inda ya bayyana a maimaita fila da guga. Launin da aka riƙa yi wa jiragen yaƙin rana na Ingila daga Agustan 1941 shi ne kore mai duhu da ruwan toka mai duhu a sama, ruwan toka mai haske a ƙasa. A ƙarshe a ɗiga fitilun bakin fiffike da tsinken sakace, ja a hagun matuƙi, kore a damansa.