Yadda ake gano abin da ke jinkirta tura fayil ta katangar tsaro

Idan fayil na jan ƙafa tsakanin kwamfuta da sabar da ke bayan katangar tsaro (firewall, mai tace abin da ke shiga da fita a hanyar sadarwa) irin pfSense, MikroTik ko FortiGate, kada ka yi saurin taɓa dokokin katangar. Auna tukuna. Lambar da ta fito ita za ta nuna maka inda ciwon yake.

Sa iperf3, manhajar auna gudun layi, a ɓangarorin biyu. A sabar buga iperf3 -s, a kwamfutar kuma iperf3 -c da adireshin sabar, bayan ka buɗe ƙofa ta 5201. Kwafin fayil ba ma'auni ba ne, don faifan ajiya ma yana iya zama mai laifin. Auna sau ɗaya ba tare da katangar a tsakani ba, sau ɗaya ta cikinta, sannan ka ƙara -R ka juya hanyar.

Layin gigabit mai lafiya yana ba da wajen 940 Mbps. Ka ga 94? Layin ya sauka zuwa 100 Mbps. Gigabit sai da dukkan wayoyi takwas na cikin kebul, shi kuwa 100 huɗu sun ishe shi, don haka waya ɗaya da ta tsinke ko kan RJ45 da ba a matse da kyau ba ya isa ya jawo wannan. Duba da ethtool a Linux, ka canja kebul zuwa Cat5e ko Cat6. In an ƙayyade gudu da hannu a gefe ɗaya aka bar ɗayan yana zaɓa da kansa, mayar da su duka kan zaɓin kai.

Idan kebul ba shi da laifi, kalli furosesar katangar yayin da gwajin ke gudana, kuma kalli kowace cibiya (core) ta furosesar ita kaɗai. Jimillar kashi 25 a na'ura mai cibiya huɗu tana iya nufin ɗaya ta cika maƙil. Ƙara -P 4 a gwajin, don ya tura bayanai ta zare huɗu a lokaci guda. In gudu ya ɗaga, zare ɗaya ne ya shaƙe. Kashe Suricata ko Snort, manhajojin gano kutse, na ɗan lokaci, sannan binciken SSL, wato na bayanan da aka rufe da sirri, ɗaya bayan ɗaya, kana sake aunawa. Gudun da kamfanoni ke tallatawa da manyan haruffa galibi na katanga ce tsura, da an kunna bincike sai ya faɗi warwas. A MikroTik tabbatar FastTrack, saitin da ke gaggauta wucewar bayanai, na aiki, amma ka sani yana tsallake dokokin rabon gudu. pfSense da ke gudana a matsayin na'urar kwaikwayo kan Proxmox da katin sadarwa na VirtIO kuwa, kashe hardware checksum offload ka sake tayar da shi.

Wadda ta fi wahalar da mutane ita ce MTU, wato iyakar girman fakitin bayanai da layi ke ɗauka, domin ƙananan shafuka na buɗewa lafiya lau, babban fayil ne ke tsayawa cak. A Windows buga ping -f -l 1472 da adireshin sabar. 1472 da bayit 28 na kanun IP da ICMP (tsarin saƙon da ping ke amfani da shi) shi ne 1500, MTU ɗin da aka saba. In ya ƙi wucewa, rage lambar har ta wuce, ka ƙara mata 28, ka samu MTU na gaskiya. PPPoE, tsarin haɗi da wasu kamfanonin intanet ke amfani da shi, yana cinye bayit 8, ya bar 1492, ramin VPN ya fi haka ci. Maganin shi ne ƙayyade MSS, wato iyakar bayanan da fakitin TCP ɗaya ke ɗauka, a katangar, 1452 ga PPPoE. Masu toshe ICMP ɗungurungum da sunan tsaro su ke jawo wa kansu wannan: saƙon nau'i na 3 lamba 4 shi ke gaya wa mai aikawa ya rage girman fakiti. Bar shi ya wuce.

In sabar na nesa, duba lokacin kai da komo. Tagar TCP, wato yawan bayanan da ake aikawa kafin a jira amsa, in ta 64 KB ce a kan jinkirin 50 ms, ba za ta haura 10 Mbps da ɗan kai ba, komai faɗin layin. Ɗauki fakitin SYN, wanda ke buɗe haɗin TCP, da manhajar Wireshark a gaban katangar da bayanta. In zaɓin faɗaɗa taga ya ɓace a hanya, katangar ce ke cire shi, sai ka gyara a saitin TCP ɗinta.