Yadda Ake Raya Zamanin Mulkin Mallaka da Sana'o'insa a Gidan Tarihi: Misalin Williamsburg

Akwai irin gidan tarihin da ba a kulle kayansa cikin akwatunan gilashi. Mai ziyara yakan shiga ya tarar maƙeri yana zuga wuta, ana girki a murhun itace, keken doki yana wucewa a titi, kowa sanye da tufafin mutanen da suka bar duniya fiye da shekara ɗari biyu. Mafi shahara cikin irin waɗannan gidaje shi ne na garin Williamsburg a jihar Virginia ta Amurka, wanda ya kasance hedikwatar Virginia daga 1699 zuwa 1780, akasari a ƙarƙashin mulkin Ingila. Mulkin mallakar da ake nufi a nan shi ne wanda Ingila ta yi wa Amurkawa kafin su ayyana 'yancinsu a 1776, ba wanda ya iso ƙasar Hausa a farkon ƙarni na ashirin ba. Da abin da aka yi a wannan gari za a bi matakan aikin ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na farko shi ne tsayar da wuri da lokaci. Williamsburg ta dace ne saboda bayan an mayar da hedikwata zuwa Richmond a 1780 garin ya koma ƙaramin gari marar hada-hada, babu mai kuɗin rushe tsofaffin gidaje ya gina sababbi, har kusan gine-gine 90 na asali suka tsira. Wani limamin coci mai suna W.A.R. Goodwin ne ya shawo kan attajiri John D. Rockefeller ƙarami ya zuba dukiyarsa, aka fara sayen gidaje a 1926, kuma yau yankin tarihin ya kai eka 301. Lokacin da za a nuna kuwa dole ya zama taƙaitacce, domin tufafi da farashin kaya da maganganun siyasa suna canzawa cikin shekaru kaɗan. Williamsburg ta fi karkata ga shekarun 1770, gab da yaƙin neman 'yanci, yayin da gidan tarihin Plimoth a jihar Massachusetts ya tsaya kan shekara guda tak, wato 1627. Wannan zaɓi yana da tsada, domin a Williamsburg sai da aka rushe ko aka kawar da ɗaruruwan gine-ginen da aka yi bayan wancan zamani, mazauna da yawa kuma suka tashi daga unguwanninsu.

Mataki na biyu shi ne tara hujja, kuma a ganina shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Ba a aza tubali ko a ɗinka riga sai an iya nuna inda aka samo siffarta. Fadar gwamna ta ƙone tun 1781, amma an sake gina ta a kan tushenta na asali saboda an haɗa shaidu daga wurare dabam-dabam: zanen ɗakunanta da Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya yi da hannunsa, da wani farantin tagulla mai ɗauke da hoton ginin wanda aka gano a ɗakin karatu na Bodleian a Oxford a 1929, da wata taswirar garin ta 1782 da ake dangantawa da wani sojan Faransa, sai kuma abin da aka tono a ƙasa. Da farko masu tono tushen bango kawai suke nema, ba su damu da tarkacen da ke cikin ƙasar ba. Ivor Noël Hume, wanda ya karɓi ragamar binciken a 1957, shi ya mayar da hankali kan tsofaffin rijiyoyi da ramukan shara, inda fasassun kwanoni da kwalabe da ƙasusuwa ke faɗin abin da mutane suka ci da abin da suka iya saya.

Takardun gado ma suna da muhimmanci ƙwarai, domin idan mutum ya rasu a wancan zamani akan bi gidansa ɗaki-ɗaki a rubuta duk abin da ya bari. Shekaru da dama fadar gwamna tana cike da kayan alatun da masu gyara suka ga sun dace da ita. A 1981 aka kwashe su, aka sake shirya ɗakunan bisa jerin kayan da aka rubuta bayan rasuwar Gwamna Botetourt a 1770, ko da yake wasu masu ziyara sun fi son tsohon adon. Tallace-tallacen jaridar Virginia Gazette, wadda aka kafa a garin a 1736, su ma suna nuna abin da kowane shago ke sayarwa da kayan da jiragen ruwa suka kawo daga Ingila.

Mataki na uku shi ne farfaɗo da sana'o'in, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Idan aka sa wa ma'aikaci tsohuwar riga aka ba shi guduma yana ƙwanƙwasa ƙarfe mai sanyi, yaro ɗan makaranta ma zai gane wasa ne. A Williamsburg akwai sana'o'i fiye da ashirin, daga ƙira da saƙa da ɗinki da dukanci zuwa buga littattafai, haɗa gangunan katako, sassaƙa ƙafafun keken doki da ɗinka hular gashi, kuma kowane shago yana tafiya kan tsarin da aka san shi da shi a da: ɗan koyo ya shafe shekaru a ƙarƙashin maigida kafin a yaye shi ya zama cikakken ma'aikaci, daga nan wasu su kai matsayin gwani. Da yake yawancin waɗannan sana'o'i sun mutu kafin a buɗe gidan, sai masu koyo suka koma kan tsofaffin kayan da suka tsira, suna duba sawun guduma da na zarto a jikinsu, suna gwadawa suna ɓatawa har su gano yadda aka yi. Garin da har yanzu yake da maƙera da marina masu aiki, kamar marinar Ƙofar Mata a Kano, ya huta da rabin wannan wahala, tunda gwanayen suna raye kuma ana iya tambayarsu.

Sharaɗin da ke tsare mutuncin shago shi ne abin da ya ƙera ya shiga aiki na gaske. A wurin yin tubali, masu ziyara kan cire takalma lokacin zafi su taya cuɗa laka da ƙafa, a zuba ta a ma'auni, a shanya, sannan idan kaka ta yi a jera tubalan a hura musu wuta kwana da kwanaki ba dare ba rana. Da irin waɗannan tubala, da ƙusoshin da maƙera suka ƙera, da katakon da kafintoci suka fafe da hannu, aka sake gina shagon shan kofi na Charlton a 2009, daga baya kuma maƙerar makamai ta James Anderson. Ma'aikacin da ya san cewa ƙusarsa za ta riƙe rufin ɗaki ba ya yin aikin ganin ido, kuma idan baƙo ya tambaye shi dalilin da ya sa yake juya ƙarfe ta wani gefe, amsar daga hannunsa take fitowa.

Mataki na huɗu ya shafi abubuwan da ke cika fili: tufafi, abinci, lambuna da dabbobi. Tun 1986 gidan yake kiwon tsofaffin nau'o'in dabbobi, har sai da aka je tsibirin Tasmaniya na Ostiraliya aka samo tumaki masu dogon gashi irin na Leicester. Abin kiyayewa a nan shi ne tsafta fiye da kima, wadda aka daɗe ana sukar Williamsburg a kanta. Garin ƙarni na sha takwas yana da kashin dawakai a titi da bangon da fentinsa ya koɗe, kuma daga baya masu kula da wurin sun yarda a bar wasu daga cikin waɗannan.

Mataki na biyar shi ne horar da masu bayani, kuma hanya biyu ake bi. Wani yana magana da bakin mutumin da, kamar shi ne Jefferson ko Patrick Henry, ɗaya daga cikin jagororin neman 'yanci, bai san mota ko wayar hannu ba. Wani kuma yana sanye da tufafin da, amma yana magana a matsayin mutumin yau, yana iya cewa masana sun yi saɓani a kan abu kaza. Hanyar farko ta fi jan hankali, ta biyu ta fi amsa tambaya, shi ya sa masu sana'a galibi ta biyun suke bi.

Mataki na shida shi ne tambayar su wa aka bari a baya. Kusan rabin mutanen Williamsburg a shekarun 1770 baƙaƙen fata ne, mafi yawansu bayi, su ne ke girki da wanki da noman taba, wasunsu kuma suna aiki a shagunan sana'a, amma gidan ya shafe shekaru da yawa yana ba da labarin manyan gari kawai. Sai a 1979 aka fara shirin nuna rayuwarsu da 'yan wasa baƙaƙen fata. A 1994 aka kwaikwayi gwanjon bayi a bainar jama'a, ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙaƙen fata suka zo zanga-zanga suna cewa an mayar da baƙin ciki abin kallo, wasu kuma suka ce gara a nuna da a ɓoye. Wanda zai yi irin wannan ya fara zama da zuriyar mutanen kafin ya shirya komai, ya kuma tanadi kulawa ga ma'aikacin da zai wuni yana taka rawar bawa a gaban baƙi.

Daga nan sai a riƙa komawa kan mataki na biyu, domin hujja ba ta ƙarewa. Cocin First Baptist, wanda bayi da 'yantattu suka kafa a 1776, an rushe gininsa a shekarun 1950, aka mayar da filin wurin ajiye motoci. A 2020 aka fasa kwaltar aka fara tono tare da amincewar mabiya cocin, aka samu tushen tsohon ginin da kaburbura fiye da sittin. A 2023 kuma aka ɗauko ginin makarantar Bray, makarantar da ta koyar da yara baƙaƙen fata tsakanin 1760 da 1774, aka dasa shi a cikin yankin tarihin.