Darasi na Bakwai: Manhajojin Waya da Baƙo Ke Buƙata a Birnin Ƙasar Waje

Wanda ya sauka a birnin da bai taɓa zuwa ba, ko karatu ne ya kai shi, ko aiki, ko neman magani, kwanakin farko ne suka fi ba shi wahala, domin bai san hanya ba, bai iya harshen mutanen garin ba, kuma layin wayar da ya zo da shi ko dai ya daina aiki ko kuma ya riƙa cin kuɗi fiye da ƙima. Manhajoji kaɗan sun isa su rage wannan wahala, da sharaɗin a sauke su kuma a gwada su tun kafin tafiya, lokacin da ake da intanet da natsuwa. A ganina, manhaja huɗu da mutum ya iya sarrafawa sun fi ashirin da ya tara bai taɓa buɗewa ba.

Taswira

Da taswira za a fara, kuma wadda aka fi amfani da ita ita ce Google Maps. Mutane da yawa ba su san cewa ana iya ajiye taswirar birni guda a cikin waya ba, yadda za ta buɗe ko babu data. Ku buɗe manhajar, ku taɓa hotonku da ke sama ta hannun dama, ku zaɓi sashen taswirorin da ake ajiyewa, sannan ku matsa akwatin da ya bayyana har ya rufe birnin da za ku je, ku danna saukewa. Bayan haka, shuɗin ɗigon da ke nuna inda kuke tsaye zai ci gaba da motsi tare da ku ko layinku a rufe yake, domin daga tauraron ɗan Adam wayar ke samun wannan bayani.

Sai dai taswirar da aka ajiye hanyar mota kawai take nunawa. Ba ta ba da lokacin tashin bas ko jirgin ƙasa sai an haɗa ta da intanet. Saboda haka, kafin ku fita daga masauki ku nemi hanyar, ku ɗauki hoton allon wayar, ku kuma sa wa masaukin alama a taswira. Adireshin masaukin kuwa ku rubuta shi a takarda ku sa a aljihu, domin caji yana ƙarewa. Wanda zai je ƙasar Sin ya sani cewa manhajojin Google ba sa aiki a can yadda aka saba, kuma mutanen ƙasar da irin su Baidu Maps suke amfani.

Game da abin hawa, Citymapper da Moovit suna faɗin bas ko jirgin da za a hau da tashar da za a sauka, kuma birane da yawa suna da tasu manhajar ta sayen tikiti. Idan kun kira mota ta Uber ko Bolt, ku duba lambar motar ta yi daidai da wadda ke cikin waya kafin ku shiga.

Fassara

Google Translate na ɗauke da harshen Hausa, kuma hanyoyin amfani da ita sun wuce rubutu. Idan kun tsaya gaban allon sanarwa a tasha, ko kuka ga wasiƙa a ƙofar ɗaki da harshen da ba ku ji, ku taɓa alamar kyamara ku nuna wa rubutun, fassarar za ta fito a kan allon. Akwai kuma wurin magana, inda za ku faɗi abin da kuke so, wayar ta juya shi zuwa harshen wanda ke gabanku. Ku riƙa amfani da gajerun jimloli, ku bar karin magana da habaici, domin a nan ne na'ura ta fi yin kuskure.

Ina jan hankalinku sosai a kan wannan: kada ku sa hannu a takardar hayar gida ko yarjejeniyar aiki bisa fassarar waya kaɗai, kuma kada ku dogara da ita a gaban likita ko alƙali. A irin waɗannan wurare ku nemi tafinta. Matambayi ba ya ɓata, kuma babu abin kunya ga babba ya ce bai fahimta ba.

Zumunci da tsaro

WhatsApp ɗinku zai ci gaba da aiki da tsohuwar lambarku ko da kun sa sabon layi a wayar, don haka iyali ba za su rasa ku ba. Idan za ku je unguwar da ba ku sani ba, kuna iya aika wa wani amintacce wurin da kuke, ya riƙa ganin motsinku na minti 15, ko awa 1, ko awa 8. Lambobi 6 da manhajar ke aikowa ta saƙon tes na sirri ne. Duk wanda ya nemi ku karanta masa su, ko da ya ce daga kamfanin yake, asusunku yake son ƙwacewa.

Lambar neman agajin gaggawa ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma haddace ta ya fi ajiye ta a waya. A ƙasashen Tarayyar Turai 112 ce, a Amurka da Kanada 911, a Birtaniya kuma 999, ko da yake 112 ma tana shiga a can.

Masu aika kuɗi ga iyali za su ji sunaye irin su Wise da Remitly da Western Union. Kada ku tsaya ga ladan aikawa kaɗai, domin wani lokaci ladan yakan yi araha amma farashin canji ya cinye bambancin. Ku duba adadin da zai shiga hannun mai karɓa, da shi za ku kwatanta.

Kowace manhaja ku sauke ta daga Play Store ko App Store kawai, ku kuma duba sunan kamfanin da ya yi ta. Baƙi su ne 'yan damfara suka fi hari, suna aiko musu da saƙo mai ɗauke da mahaɗi da sunan hukumar shige da fice ko banki, suna cewa a biya tara nan take. Irin wannan saƙo kada a taɓa shi. A je ofishin da ƙafa, ko a kira lambar da ke kan takardun hukumar.

Aikin gwaji

Kowa ya zaɓi birni ɗaya na ƙasar waje ya sauke taswirarsa, sannan ya kashe data ya nemo babban asibitin birnin da tashar jirgin ƙasa. Bayan haka ku zauna bibbiyu, ɗaya ya faɗa wa manhajar fassara wannan jimla: "Don Allah ina tashar bas mafi kusa?" Ɗayan kuma ya mayar da fassarar zuwa Hausa ya ga ko ma'anar ta dawo daidai. Wanda bai da babbar waya ya haɗu da wanda ke da ita, kuma kowa ya zo darasi na gaba da lambar gaggawa ta ƙasar da ya zaɓa rubuce a littafinsa.