In baƙo ya ce ka taya shi sayar da kayansa a intanet, ga abin da za ka fara yi

Abin nan ya fara yawa tsakanin samarinmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 a Legas, shi ya sa na ce bari in yi magana. Mutum ne ba ka taɓa ganinsa ba zai turo maka saƙo a WhatsApp ko Facebook, wai yana da wayoyi ko laftof amma shafinsa na Jiji, wato dandalin saye da sayarwa na intanet, ya samu matsala, ka ɗora masa a naka, in an biya ka cire la'adarka ka tura masa sauran. Kai kuma sai ka ga ai dillanci ne, ba jari ba asara.

To ɗan'uwa tsaya ka duba, sunan wa ke kan tallan? Naka. Lambar waya taka, akawun naka, kuma akawun ɗin nan a ɗaure yake da BVN da NIN ɗinka. Ranar da mai saye ya biya kaya ba su iso ba, ko aka bi sawun waya aka gano ta sata ce, kai za a zo nema, shi kuwa tuni ya cire layin ya yar. Banki na iya toshe akawun ɗinka har kuɗin guminka ba za ka iya taɓawa ba, kuma wallahi "ban san shi ba" ba ta saurin fitar da mutum a caji ofis, balle in maganar ta kai ofishin EFCC na Ikoyi a matsayin 419.

Na farko dai, kayan da ba ka riƙe a hannunka ba kar ka tallata. Hoto ba kaya ba ne. Ka ce ku haɗu da rana a wurin jama'a, ya zo da kayan da rasit.

In waya ce ka danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, za ta fito, ka gwada ta da ta jikin kwali da rasit. In iPhone ce ya cire iCloud ɗinsa, wato akawun ɗin Apple da wayar ke ɗaure da shi, a gabanka, in ya fara cewa ya manta fasawod ko ta matarsa ce, miƙa masa abinsa ka tashi. A kasuwar wayoyi ta Computer Village da ke Ikeja ma masu shagon da suka san kansu ba sa karɓar waya haka kawai.

Sai maganar wanda zai tsaya masa. Mu a dillancinmu na gida ai sai an san asalin mutum, to ya kawo wani da ka sani, mai shago ko shugaban layin kasuwa, a rubuta yarjejeniya da hoton katin shaidarsa, shaidu biyu su sa hannu. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Kuɗi kuma gara mai saye ya biya mai kayan kai tsaye bayan ya karɓi kayansa, kai a ba ka la'adarka daban. In dole sai ta akawun ɗinka, kar ka yarda da alat na tes don akwai na bogi, buɗe manhajar bankin ka ga kuɗin sun zauna. In ya ce ka tura wa wani akawun mai suna daban da nasa, kar ka tura ko sisi.

Wanda ya riga ya faɗa kuma, dan Allah kar ka goge hirarku don tsoro. Ɗauki hoton komai, lambarsa da rasit ɗin tiransifa, ka je bankinka a ranar, sannan ka samu wani babba ya raka ka ka kai rahoto wurin 'yan sanda da ƙafarka kafin su zo nemanka.