Yadda ake gano inda ƴan Folinesiya na da suka samo baƙin gilashin dutse

Mutanen nan na tsibiran tekun Fasifik ba su da ƙarfe, to da me suke yanka? Cikin abin da suke amfani da shi akwai obsidiyan, wani baƙin gilashi ne da ke fitowa idan narkakken dutse ya fito daga dutse mai aman wuta ya huce da sauri, kaifinsa kamar reza. Kowane dutse kuma da irin haɗin sinadaransa, shi ya sa ake iya bin sawun ɓallin da aka tono har inda aka faso shi.

Kar ka fara da abin da aka tono. Fara zuwa wuraren da gilashin yake ka ɗebo samfuri, irin Tuhua a Niyuzilan, Tafahi a Tonga, Orito a tsibirin Rapa Nui, Talasea a tsibirin Niyu Biritin, don in ba ka da abin kwatantawa to aikin banza kake.

Sai ka wanke ɓallin tas, ka ɗaga shi a haske tukuna. Na Tuhua yakan yi kore-kore, amma fa kar ka yarda da ido kaɗai, ido na yaudara. Ɗora masa na'urar XRF ta hannu mai gano sinadaran da ke cikin abu, tana harba hasken X-ray ta karanta maka yawan sinadarai irin su rubidiyam da sitirontiyam da zakoniyam, kuma ba ta fasa komai, wannan ba ƙaramin abu bane tunda kayan kakannin mutane ne. Ka kula da ɓallin da ya cika siriri ko ƙanƙanta, yana ba da lissafin da ba daidai ba. Daga nan sai ka jera sakamakon kusa da na samfuranka ka ga wanne ya hau.

Shekaru kuma na'urar ba ta faɗa, sai an auna gawayin da aka samu a wuri ɗaya da shi.

Wallahi abin da aka gano da wannan hanya yana ban mamaki. Gilashin Tuhua an same shi a tsibirin Raoul, kusan kilomita 1,000 arewa maso gabas da Niyuzilan, kaga kenan bayan ƴan Folinesiya sun isa Niyuzilan wajajen shekara ta 1300 ba zama suka yi ba, wasu sun sake juya kwalekwale cikin teku. Na Talasea kuwa tun zamanin mutanen Lapita, kakannin ƴan Folinesiya, shekara kusan 3,000 da suka wuce, ya kai Fiji a gabas da shi, ya kai tsibirin Borniyo a yamma da shi.

Amma kar ka yi saurin cewa mutum ɗaya ne ya kai shi, gilashin kan bi hannu da hannu daga wannan tsibiri zuwa wancan, sai ka haɗa da tukwane da gatarin dutse da aka samu a wurin kafin ka ce ga hanyar da ya bi.