Domen da Renji: Inda Ɗalibai Suka Fi Zubar da Maki

Duk wanda ya taɓa zama da jan biro yana duba takardun ɗalibai a kan darasin fankishan ya san kurakuran ba su da yawa, maimaita su ake yi. Ɗan babbar sakandare da ɗan shekarar farko a jami'a rami ɗaya suke faɗawa, kuma galibi gaggawa ce da dogaro da hadda ke jefa su.

Ɗauki fankishan kamar injin niƙan unguwa. Ka zuba masara, gari ya fito. Duk abin da injin zai karɓa bai tsaya ba shi ne domen, abin da zai iya fitowa ta bakinsa kuma shi ne renji. A rubutun f(x), wanda Leonhard Euler ya shigo da shi a 1734, x ce masarar, f(x) ko y kuma garin. Wanda ya riƙe wannan ba zai musanya biyun ba. Wajen neman domen kuwa, sai ka fara da dukkan lambobi, ka tsince tsakuwa. A matakin farko na aljabara tsakuwar iri biyu ce: sifili a ƙasan layin rabawa, da lamba mai mainas a cikin sikwaya rut.

Ta farkon kowa ya haddace ta, kuma haddar ce matsalar. A ba yaro f(x) = 1/(x − 3), sai ya rubuta x ≠ 0, don ya ji malam yana cewa ba a raba abu da sifili. To amma sa 0 ɗin ka gani: −1/3 zai fito, lafiya lau. Abin da aka hana shi ne ƙasan layin gaba ɗayansa ya zama sifili, wato x − 3 = 0, saboda haka 3 za a cire. Idan ƙasan x² − 9 ne, da yawa za su cire 3 su manta da −3, alhali ita ma sikwayarta 9 ce. Akwai kuma masu wuce gona da iri: an ba su 1/(x² + 9), sai su cire 3 da −3 don idonsu ya saba. Nan babu abin cirewa. Sikwaya ba ta sauka ƙasa da sifili, ka ƙara mata 9, ta ina za ta zama sifili?

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne na ɗalibai masu ƙoƙari, don iyawarsu ce ke kayar da su. An ba da f(x) = (x² − 4)/(x − 2). Mai ƙoƙari ya fasa saman zuwa (x − 2)(x + 2), ya soke (x − 2) sama da ƙasa, ya samu x + 2, sai ya rubuta cewa domen dukkan lambobi ne. Sokewar daidai ce, amma sai in x ba 2 ba ce. Koma ga tambayar yadda aka ba ka, ka sa 2: sifili bisa sifili, injin ya tsaya. A zane za ka ga miƙaƙƙen layi mai ɗan rami a daidai (2, 4). Ke nan babu 2 a domen, kuma babu 4 a renji, wanda ko masu gano na farkon sukan manta. Ka fitar da domen tukuna, kafin ka taɓa sauƙaƙa komai.

Sai rut. A √(x − 5) sharaɗin shi ne x − 5 ≥ 0, wato x ≥ 5. Ita 5 ɗin tana ciki, domin rut ɗin sifili sifili ne, ba haramun ba ne. Amma da zarar rut ɗin ya koma ƙasan layi, kamar 1/√(x − 5), dokokin biyu sun haɗu, 5 ta fita, amsar ta zama x > 5. Ɗan layin nan da ke ƙarƙashin alamar ≥, maki guda ne.

A √(6 − 2x) kuma juya alama ake mantawa. Daga −2x ≥ −6, in ka raba da −2 dole alamar ta juya, ka samu x ≤ 3. Wanda ya rubuta x ≥ 3, da ya ɗauki daƙiƙa goma ya gwada 4, da ya ga 6 − 8 = −2 a cikin rut, ya gane ya ɓata hanya. Wannan gwajin shi ne maganin rabin kurakuran nan: ɗauki lamba ɗaya daga cikin amsarka, ɗaya daga wajenta, ka zuba a injin. Haka za ka kama mai rubuta x ≥ ±2 a kan √(x² − 4), rubutun da ma ba shi da ma'ana. Gwada 0, ka samu −4, bai yiwu ba. Gwada −3, ka samu 5, ya yiwu. Amsar x ≤ −2 ko x ≥ 2. Sannan kada a ɗora wa kiyub rut laifin da ba nasa ba: kiyub rut ɗin −8 shi ne −2, yana karɓar kowace lamba.

Renji ya fi wuya, domin ba shi da jerin haramtattu da za a haddace, tunani yake so. Na sha ganin wannan: f(x) = x², an iyakance x daga −2 zuwa 3. Ɗalibi ya sa −2 ya samu 4, ya sa 3 ya samu 9, ya rubuta renji daga 4 zuwa 9, ya ajiye biro yana murmushi. Ka tambaye shi, 0 tana tsakanin −2 da 3? Ya ce eh. Me za ta bayar? Sai ya dafe kai. Zanen x² kamar ƙwarya yake, yana gangarowa har sifili kafin ya hau, saboda haka renji daga 0 ne zuwa 9. Duba bakin iyaka biyu kaɗai yana aiki ne in fankishan ɗin hawa kawai yake yi ko sauka kawai. In akwai sikwaya, nemi gindin ƙwaryar. A x² − 4x + 7, mayar da shi (x − 2)² + 3, nan take ka ga ba zai sauka ƙasa da 3 ba, renji y ≥ 3. Alamar √ kuma amsa ɗaya take bayarwa, √9 shi ne 3, ba 3 da −3 ba, don haka renjin √(x − 5) shi ne y ≥ 0.

Ga irin y = (2x + 1)/(x − 3), juya lissafin ka nemi x. Za ka samu x = (3y + 1)/(y − 2). Kowace y tana da x ɗinta ban da 2. Masu gaggawa sukan kwafo 3 ta domen su manna a renji, alhali 3 tana fitowa sarai: sa x = 10, ka samu 21/7.

Wajen rubuta amsa, baka mai kusurwa na nufin lambar tana ciki, baka mai lanƙwasa na nufin ba ta ciki. Alamar ∞, wadda John Wallis ɗan Ingila ya ƙirƙiro a 1655, ba lamba ba ce da za a iske, kullum baka mai lanƙwasa take ɗauka: [5, ∞). Idan an cire 3 daga tsakiya, yanki biyu ne, (−∞, 3) ∪ (3, ∞).

Akwai kuma tambayoyin labari, inda lissafi ya yarda amma hankali bai yarda ba. Mutum yana da waya mita 40 zai killace lambu mai kusurwa huɗu. In faɗin x ne, tsawon 20 − x, girman filin kuma x(20 − x). A takarda wannan yana karɓar kowace lamba, babu rabawa babu rut, sai ɗalibi ya rubuta dukkan lambobi. Lambu mai faɗin mita −7 fa, a wane gari? In kuma faɗin ya kai 20, babu wayar da ta rage ta tsawo. Domen shi ne 0 < x < 20. Filin yana ƙaruwa har x ta kai 10, inda ya zama murabba'in mita 100, daga nan ya fara raguwa, saboda haka renji ya ɗara sifili, bai kuma wuce 100 ba, ita 100 ɗin tana ciki.